Tambayoyi da amsoshi: fatsa da ƙudan gashi a ƙoramun bakin tekun Massachusetts

Tun ranar da na tura wa 'yan gida hoton wani ɗan kifi da da kaɗan ya fi tafin hannuna, na kuma ce musu na mayar da shi ruwa, ban huta da tambayoyi ba. Wasu tsokana ce kawai, wasu kuma da gaske suke son sani. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su gwargwadon abin da na gani a ƙananan ƙoramun da ke gangarawa cikin Tekun Atlantika a kudu maso gabashin jihar Massachusetts ta Amurka, wajajen Cape Cod.

Wane irin kifi ne wannan da ake ta wahala a kansa?

Turawa na ce masa brook trout, wato tirawut ɗin ƙorama (tirawut wani dangin kifayen ruwan sanyi ne). Wani likita ɗan New York, Samuel Mitchill, shi ya fara bayyana shi ga masana a 1814, ya laƙaba masa fontinalis, kalmar Latin mai nufin "na marmaro". Cikakken sunansa a littattafai yau Salvelinus fontinalis. Gidansa na asali gabashin nahiyar Amurka ta Arewa ne: daga Labrador da gaɓar Hudson Bay a Kanada, ya gangaro ta duwatsun Appalachia har arewacin jihar Georgia. Jihohi 9 a Amurka sun ɗauke shi kifin jiha, ciki har da New York da Pennsylvania da Vermont.

Sai ka riƙe shi a hannu za ka gane dalili. Bayansa kore ne mai duhu, da zane-zane masu lanƙwasa kamar sawun tana a kan laka. Gefensa ɗigo-ɗigon rawaya, a tsakaninsu 'yan jajayen ɗigo, kowanne da zobe shuɗi kewaye da shi, kai ka ce wani gwanin aikin hula ya zauna a kansa da allura. Fukafukansa na ƙasa ja ne, bakinsu fari tas, da siririn baƙin layi a tsakani. Farin nan shi ido ke fara kamawa idan kifin na kwance a ruwa. A watan Oktoba kuwa cikin namijin kan yi ja kamar garwashi.

Girma kam babu. A irin waɗannan ƙoramu yawanci santimita 15 zuwa 25 ne, kuma wanda ya kama mai santimita 30 ya samu labarin shekara. Ba kasafai yake wuce shekara 3 ko 4 a raye ba. Mafi girman da aka taɓa kamawa da ƙugiya ya kai kilo 6 da rabi, a kogin Nipigon na lardin Ontario a 1915, kuma har yau ba a sha gabansa ba.

Me ya sa kake ta nanata cewa "ɗan asali" ne? Kifi ba kifi ba ne?

Tirawut iri uku za ka iya cin karo da su a jihar. Akwai wanda aka ƙyanƙyashe a tankin gwamnati, aka kiwata shi da abincin buhu, aka ɗauko a mota aka zuba a kogi don masunta su kama. Akwai wanda aka haifa a ruwan amma kakanninsa baƙi ne, kamar tirawut mai ruwan ƙasa da aka shigo da ƙwansa daga Jamus a 1883, da mai layin bakan gizo wanda asalinsa gaɓar Tekun Pasifik ce. Sannan akwai wanda kakanninsa ke cikin wannan ƙorama tun da ƙanƙarar da ta taɓa rufe yankin ta janye, fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Shi nake nufi da ɗan asali.

Baƙin nan sun fi shi jure ɗumin ruwa, sun fi shi girma, suna kuma ture shi daga wuraren kwanciya masu kyau. A koguna da yawa sun gaje gidan, shi ya koma can saman ƙoramu inda ruwa bai fi a tsallake ba.

Kifin ruwan daɗi ne ko na teku?

Duka biyun, kuma nan ne na bakin teku ya bambanta da ɗan'uwansa na kan dutse. A ƙorama ake haihuwarsa, a ƙorama yake saka ƙwai. Amma idan hanya a buɗe take, wasu daga cikinsu kan gangara mahaɗar ƙorama da teku, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. Mutanen yankin na ce wa irin waɗannan salters, wato 'yan gishiri. Ba kowa ke tafiya ba. A cikin ƙwan uwa ɗaya wani ya tafi, wani ya zauna.

Abin da ke kai su abinci ne. Ƙoramar yashi matalauciya ce, ƙwarinta kaɗan ne. A mahaɗa kuwa ga jatan lande, ga ƙananan kifaye garke-garke, ga tsutsotsin laka. Wanda ya je can ya yi 'yan watanni sai ya dawo da ƙiba, jikinsa ya koma ruwan azurfa, ɗigon nan duk sun dusashe. Bayan 'yan makonni a ruwan daɗi kalarsa ta dawo. Ba ya yin nisa cikin teku kamar kifin salmon. Yana riƙe da bakin gida. An gane zirga-zirgarsu ne ta hanyar saka wa wasu 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ciki, aka kafa eriya a wurare dabam-dabam a ƙoramar, duk wanda ya wuce sai ta rubuta lambarsa da lokaci. Yawancin fitar tasu bayan saka ƙwai ce, cikin sanyi, sannan su dawo kafin ruwan bakin teku ya ɗumama.

Tafiyar akwai kasada. A mahaɗa akwai manyan kifayen teku, akwai zalɓe, akwai shahon da ke faɗowa daga sama ya sure kifi.

Kifin ruwan sanyi, a fili mai yashi dab da teku? Ta yaya yake rayuwa a watan Yuli?

Da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Cape Cod kusan duk yashi da tsakuwa ne da ƙanƙarar da ta narke ta bari. Ruwan sama ba ya gudu a kai. Nutsewa yake yi, ya daɗe a ƙasa, sannan ya ɓulɓulo ta gindin ƙoramu a kusan digiri 10 na salshiyos, rani da damina. Ka tsoma hannu a watan Agusta ka ji yatsunka na ciwo, alhali gumi na zubo maka a goshi. A Janairu kuma, lokacin da tafkuna suka daskare, ƙoramar na gudu abinta.

Wannan kifi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 12 zuwa 18. Da ya wuce 20 ya shiga wahala, kusa da 25 kuwa mutuwa ce. Dalili ɗaya shi ne iskar oksijin: litar ruwa mai digiri 10 na iya riƙe kusan miligiram 11, mai digiri 25 kuwa kusan 8 kawai, ga shi jikin kifin ya fi buƙatarta a ɗumi. Ko wajen saka ƙwai, macen kan nemi daidai inda marmaro ke ɓulɓulowa ta cikin tsakuwa, ta share wurin da jelarta, ta zuba, namiji ya barbara, ta rufe. Ruwan da ke tasowa daga ƙasa shi ke wanke ƙwan ya hana laka shaƙe shi har ya ƙyanƙyashe a ƙarshen hunturu.

To mene ne ƙudan gashi?

Mai fatsa a gida tana yake haƙowa, ko fara, ko guntun hanji, ya soka a ƙugiya. A nan babu abin ci ko kaɗan. Ƙugiya ce tsirara ake ɗaure wa gashin kaza ko na agwagwa, da gashin barewa ko zomo, da zare, har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tafki daren da shinge ya fito bayan ruwan farko, ya ga yadda kifi ke tasowa yana cafke su a saman ruwa, ya riga ya san tushen abin. Yaudarar ido ce zalla. Ba ƙanshi, ba ɗanɗano, kuma da kifin ya ji gashi ne a bakinsa sai ya tofar, cikin ƙiftawar ido. Idan ba ka ɗaga sanda a wannan ɗan taƙin ba, shi ke nan.

Ƙudan gashin iri uku ne. Akwai mai yawo a saman ruwa kamar ƙwaron da ya faɗo. Akwai mai nutsewa, kwaikwayon tsutsar ƙwaro da ke zaune a ƙarƙashin duwatsu. Akwai kuma dogo, kwaikwayon ɗan kifi, wanda ake ja yana iyo.

Abin da ba shi da nauyi, yaya ake jefa shi?

Igiyar ake jefawa, ƙudan ya bi ta. A fatsa ta yau da kullum dalma ce ko ƙoto ke da nauyi, su ke jan zare. A nan igiyar ce mai kauri, an lulluɓe ta da roba, ana kaɗa ta gaba da baya kamar bulalar makiyayi har ta miƙe. Ana ba igiyoyi lamba bisa nauyin ƙafa 30 na farkonsu, wato kusan mita 9. Mai lamba 3 nauyin wannan yanki nata kusan giram 6 da rabi ne. A ƙarshenta ake ɗaura siririn zaren roba marar kala, mai raguwa a kauri har ya zama kamar gashin jelar doki, shi ke riƙe da ƙudan.

Wane kaya ake buƙata?

Gajeriyar sanda, kamar mita 2, da igiya lamba 2 zuwa 4. Faifan naɗe igiya ko wanne ya samu, tunda kifin ba zai ja ka ko'ina ba. Wandon roba mai haɗe da takalmi, ƙaramar koma mai ragar roba, filaya, da ma'aunin zafin ruwa. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa na taimakawa ƙwarai, yana kuma kare ido daga ƙugiya. Masu shaguna za su nuna maka sanda mai tsadar da za ta sayi saniya. Ka duba, ka yaba, ka wuce.

Wane ƙuda ya fi ci?

Wannan kifi ba mai tsirfa ba ne. Wanda ya tashi a gidan da tuwo ba ya kwana ba ya tsayawa zaɓe. Shi ya sa tsofaffin ƙudaje masu ƙyalli, waɗanda ba su yi kama da wani ƙwaro na gaskiya ba, har yau suke aiki. Royal Coachman, mai jan ɗamara da farin fiffike, an fara ɗaura shi a New York a 1878. Mickey Finn ja da rawaya ne da azurfa a jiki. Black Ghost da Grey Ghost daga jihar Maine suka fito a shekarun 1920, na biyun aikin wata mata ce gwanar ɗaurin ƙuda, Carrie Stevens. Muddler Minnow kuwa, mai kan gashin barewa, Don Gapen ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930 musamman don wannan kifi a kogin Nipigon.

Ni dai a ƙoramar bakin teku dogayen nan na fi dogara da su, ƙanana, a ƙugiya lamba 10 ko 12 (a lambar ƙugiya, ƙaruwar lamba raguwar girma ce). Ɗan gishiri ya saba farautar ƙananan kifaye, kuma wuraren da yake ɓuya ba sa jefuwa daga ƙasa. Sai dai ka tsaya daga sama ka sako ƙudan ruwa ya kai shi. A lokacin zafi, idan tururuwa da buzuzu na faɗowa daga rassa, ƙaramin baƙin ƙuda mai yawo a sama ya kan yi abin mamaki.

A hotunanka duk sarƙaƙiya ce. Ina wurin kaɗa igiya?

Babu. Abin da ake nunawa a talabijin, mutum tsaye tsakiyar babban kogi igiya na zana baka a sama, ba a nan ba. Faɗin ƙoramar a wurare da yawa bai wuce taki uku ba, rassa sun haɗe a sama kamar rumfa, ga ƙayar da ke hawa bishiya ta ko'ina.

Zuwana na farko ban ji shawara ba. Na tsaya na kaɗa sanda baya yadda na koya a filin ciyawa, ƙudan ya maƙale a reshe. Na ja, ya tsinke. Na ɗaura wani, ya bi ɗan'uwansa. Kafin awa guda na bar ƙudaje 5 a bishiyoyi, na shida kuma ya shiga bayan hulata, Allah ya taimake ni ba kunne ba. Wani dattijo da ya zo wucewa ya tsaya ya dube ni, bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya nuna mini abu biyu. Na farko, ka bar igiyar kwance a ruwa gabanka, ka ɗaga sanda a hankali, ka kifa ta gaba, igiyar ta mirgina a kan ruwa ba tare da ta je bayanka ba. Na biyu shi ne harbin baka: ka riƙe ƙudan ta bayan ƙugiya da yatsu biyu, ka ja har sandar ta lanƙwashe, ka saita ƙarƙashin reshe, ka saki. Ya yi sau ɗaya, ƙudan ya shige wani rami a cikin ganye da bai fi bakin tulu ba, ya sauka a ruwa ba ƙara.

Akwai dabara ta uku da ba ta buƙatar jifa sam. Ka ɗora ƙudan a kan busasshen ganye, ka sako igiya, ruwa ya tafi da shi ƙarƙashin sarƙaƙiyar, sannan ka ɗan fizga ya faɗo.

A ina kifin ke kwanciya, kuma me ya sa nake ganin suna gudu kafin in iso?

Kifi na ganinka, mai jar koma. Ruwan garau yake, gindinsa farin yashi, kuma duk abin da ke cin wannan kifi daga sama yake zuwa. Inuwarka ta faɗa ruwa, ko sandarka ta yi ƙyalli, sai ka ga wani baƙin abu ya wulga, an gama. Ba ido kaɗai ba: a gefen jikinsa akwai wani layi da yake jin girgizar ruwa da shi, kuma bakin ƙoramar laka ce mai lotsawa, takunka na isa gare shi tun kana nesa. Tufafi masu duhu, tafiya kamar ta mai neman kama kaza, rarrafe idan ta kama. Rabin lokacina a gwiwa nake yinsa.

Wuraren nema kuwa: inda ruwa ya rarake ƙarƙashin gaɓa ya yi kogo, ƙarƙashin icen da ya faɗi, gwiwar ƙorama inda ta yi zurfi, da gefen ciyawar ruwa. Fili mai haske da ya ba ka sha'awar jifa, yawanci ba kowa a ciki. Idan wuri ya yi maka kama da inda za ka yi asarar ƙuda, nan yake.

Wane lokaci ya fi?

Afrilu zuwa Yuni, sannan Satumba. Sassafe, ko yamma, ko ranar hadari. A ƙasan ƙorama kusa da teku sai ka haɗa da lissafin cikowar teku da janyewarsa, sau biyu a yini, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa. Inda ka tsallaka ruwa iya ƙauri da safe, da hantsi yana iya kai maka ƙugu, lakar wurin kuma tana riƙe ƙafa.

A Yuli da Agusta ma'aunin zafi ne shugaba. Ni da na ga 18 nake naɗe igiya, don kifin da aka wahalar a ruwa mai ɗumi ko an sake shi ba lalle ya tashi ba. Daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba lokacin saka ƙwai ne. Doka ba ta hana ba a wurare da yawa, amma ni barinsu nake yi. Idan ka ga wani fili mai haske a tsakuwa, kamar an share da tsintsiya, kada ka taka. Ƙwai ne a ciki.

Gaskiya fa, ka sha wannan wahala, ka kama, ka sake? Ba wasa da rai ba ne?

Kawuna ne ya fi kowa tsananta wannan tambaya. Shi ya yi sana'ar su a ƙuruciyarsa, ya san nauyin taru. Ya ce mini a waya, "Ɗana, kifin da ba za a ci ba, me ya yi maka da za ka huda masa baki?" Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, doka ce ta wurin." Ya ce, "To dokar ta ce sai ka je?" Ban sami amsa a lokacin ba, kuma ba zan ce maganarsa ba ta da nauyi ba. Mai kamawa don ciyar da iyali hujjarsa ta fi tawa sauƙin faɗa.

Abin da zan iya bayarwa shi ne tarihin wurin. A ƙarni na 19 waɗannan ƙoramu sun yi suna har manyan ƙasa na zuwa. Daniel Webster, sanata kuma sakataren harkokin wajen Amurka, ya yi fatsa a kogin Mashpee, a ƙasar al'ummar Wampanoag, 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa. Shugaban Amurka Grover Cleveland ma, wanda ke da gidan hutu a garin Bourne, ya yi. Ana kwasa kwando-kwando. Sannan aka zo da madatsun ruwa na masana'antu, waɗanda suka toshe hanyar teku. Sai noman kiranberi, wani ɗan itace ja mai tsami da ake shukawa a fadama, wanda aka fara nomansa a Cape Cod a farkon ƙarnin. Don shi aka sare bishiyoyin bakin ruwa, aka miƙar da ƙoramu suka zama lambatu, aka datse su don a riƙa cika gonaki da ruwa, aka yi ta zuba yashi a fadamun yana gangarowa yana binne tsakuwa. Ruwan da aka tare a rana ɗumama yake yi. Ga kwalbatocin hanya da aka kafa sama da matakin ruwa, kifi ba ya iya hawa. Ƙorama bayan ƙorama, 'yan gishiri suka ɓace.

Ƙoramar Red Brook, wadda ke tasowa daga tafkin White Island Pond ta yi tafiyar kusan kilomita 7 zuwa bakin teku a Buttermilk Bay, ta tsira ne saboda wani kwamishinan kifi na jihar, Theodore Lyman, ya fara sayen filayen bakinta a 1870, zuriyarsa kuma suka riƙe fiye da shekara 100 kafin su miƙa don a adana. Daga baya aka cire ƙananan madatsun da ke cikinta. Kogin Quashnet kuwa, mai zuba a Waquoit Bay, ya riga ya lalace. 'Yan sa-kai na ƙungiyar kare tirawut ta Trout Unlimited, wadda aka kafa a Michigan a 1959, suka shiga gyaransa tun tsakiyar shekarun 1970, da adda da shebur, suna sare ciyayin da suka shaƙe shi, suna dasa bishiyoyi, suna saka itatuwa a ruwa don kifi ya sami maɓoya. Shekaru aka yi ana wannan aiki a ranakun hutu, ba albashi.

Waɗanda suka yi aikin masunta ne. Wanda bai taɓa riƙe kifin ba, da wuya ya ba da Asabar ɗinsa cikin laka da sauro dominsa. Kuma ƙorama irin wannan, idan kowane mai zuwa ya tafi da biyu, manyan da ke saka ƙwai ba za su ga wata shekara ba. Wannan na faɗa wa Kawu a kira na gaba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya kyauta." Ban tabbata na ciwo kansa ba.

Idan an sake shi, yana rayuwa kuwa?

Yawanci, idan an bi ƙa'ida. Amfanin ƙudan gashi ke nan: a leɓe yake kamawa, ba kamar tana da kifi ke haɗiyewa har ciki ba. Ka matse kunnen ƙugiyar da filaya tun kafin ka fara, yadda za ta zare ba tare da yaga ba. Ka jawo shi da wuri, kada ka tsaya wasa da shi har ya galabaita. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, don busasshen hannu na kwashe yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta. Kada ka matse cikinsa, kada yatsa ya shiga wurin numfashinsa na gefen kai. Ka bar shi cikin koma a ruwa ka cire ƙugiyar a nan. Idan hoto kake so, ka shirya waya tukuna, ka ɗaga shi na 'yan daƙiƙu, ka mayar. Sannan ka riƙe shi sako-sako, kansa na fuskantar inda ruwa ke zuwa, har ya fizge da kansa.

Akwai lasisi?

Akwai. A Massachusetts duk wanda ya kai shekara 15 sai da lasisin ruwan daɗi, ana saya ta intanet, na teku kuma takardarsa dabam. Red Brook da wani sashe na Quashnet wuraren kama-ka-saki ne, kuma an hana ƙoto mai rai ko na ci. Abin yaudara na ƙirar hannu kawai. Ka karanta dokar shekarar da kake ciki kafin ka fita. Wata doka kuma da ba a rubuta ba: idan ka sami ƙoramar da ba ta yi suna ba tana da kifi, ba a saka sunanta a Facebook.

Akwai abin tsoro a dajin?

Ba kada, ba dorina. Abin tsoron bai fi ƙwayar riɗi ba: kaska. Irin ta yankin na ɗauke da cutar Lyme, wadda aka raɗa wa sunan wani gari a jihar Connecticut inda aka fara lura da ita a tsakiyar shekarun 1970. Takan fara da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, sau da yawa da wani jan zagaye a fata mai faɗaɗawa. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka fesa magani, da ka koma gida ka tuɓe ka duba ko'ina, har hammata da bayan gwiwa da cikin gashi. Cire ta da wuri na rage haɗari sosai. Idan zagayen ya fito, asibiti.

Akwai kuma wata ciyawa mai ganye uku-uku masu sheƙi, man jikinta na sa ƙuraje da ƙaiƙayin da ya kan yi mako biyu. Na taɓa dafa ta da hannu ina rarrafe, na kuma share gumi da hannun.

Za a iya kiwon wannan kifi a gida, ko a yi irin wannan fatsa a kogunanmu?

Kifin dai a'a. Ruwan da tarwaɗa da karfasa ke jin daɗinsa, shi kashe shi zai yi cikin sa'o'i. Dabarar kuwa ba ta da ƙasa. A kogin Faro na arewacin Kamaru masunta na zuwa daga ƙasashen waje da rani suna kama tsage da giwan ruwa da ƙudan gashi, su sake su. Kayan ne ke canzawa: sanda mai ƙarfi, igiya lamba 8 zuwa 12, ƙuda mai tsawon tafin hannu, da guntuwar waya a gaban ƙugiya, don haƙorin tsage yanke zaren roba yake yi kamar almakashi. Karfasa ma na tasowa ta ɗauki ƙaramin ƙuda a saman ruwa. Mai son gwadawa ba sai ya sayi komai daga waje ba da farko: ƙaramar ƙugiya, gashin wuyan zakara ko na zabo, zaren ɗinki baƙi, da doguwar gora mai laushin kai. Ya jira yammacin da shinge ya fito.